Da gaske ne gawayi yana taimaka wa halittun tankin bayogas su miƙa wa juna lantarki?

Mai Tanki ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wannan zaure. Ina da ƙaramin tankin bayogas mai ganga a sama, wanda nake ciyarwa da kashin shanu, kuma ya daɗe yana ba ni wuta shuɗiya mai ƙarfi. Kwanakin baya na fara haɗa masa da ragowar abinci da ɓawon kayan lambu, tunda sun fi kashi ba da gas. Da farko kam gas ya ƙaru, ganga tana ɗagawa tun kafin rana ta yi tsaka. Daga baya sai lamarin ya juye. Gas ɗin yana fitowa, amma in ka ƙyasta ashana sai ya kama ya mutu, ruwan da ke fita ta bututun baya kuma ya koma warin tsami mai hawa kai. Na tsoma takardar awon pH, wato ma'aunin da lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, ta nuna wajen 6.

Wani abokina ya ce in daka gawayi in zuba a ciki. Wai ya karanta cewa ƙananan halittun da ke cikin tanki suna miƙa wa juna lantarki, gawayi kuma yana zame musu waya, sai aikin ya yi sauri. Maganar ta tsaya mini a rai. Wane lantarki ne a cikin kashin shanu? In da gaske ne, me ya sa sai sun miƙa wa juna, kowa ba zai ci nasa ya fitar da gas ba? Sannan in na zuba gawayin, tankin zai farfaɗo? Don Allah wanda ya san abin daga tushe ya warware mini, ba na so in yi aiki a makance.

Malamar Lab ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauko maka labarin daga wutsiya. Bari mu faro daga kai.

Aikin da ke cikin tankinka na layi ne. Akwai bakteriyar da ke farfasa manyan abubuwa, sitaci da mai da furotin da zaren ciyawa, su mayar da su ƙanana. Wasu su karɓa su mayar da su asid iri-iri da barasa. Wasu kuma su sake niƙa asid ɗin ya koma asetet (asid irin na cikin binega) da haidirojin da kabon dayoksaid. A can ƙarshen layi masu yin metan, wato iskar da ke kama wuta, suke, kuma su ba ma bakteriya ba ne. Akiya ake ce musu, wani reshe na halitta mai zaman kansa wanda Carl Woese da George Fox suka bambance a 1977, kuma da nazarin masu yin metan ɗin suka gano haka. Abincinsu bai taka kara ya karya ba: asetet, haidirojin da kabon dayoksaid, fomet, sai 'yan ƙananan abubuwa irin su metanol. Ko sukari aka ajiye musu ba za su iya taɓa shi ba. Iskar oksijin kuwa guba ce a wajensu.

Yanzu batun lantarki. Duk mai rai, har ni da kai, yana samun ƙarfi ne ta zare elektiron, wato 'yan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, daga abinci ya sauke su a wani wuri. Mu a kan oksijin muke saukewa, dalilin numfashinmu ke nan. A cikin tanki babu oksijin, don haka masaukin elektiron na ƙarshe shi ne metan ɗin da kake kunnawa. Kowace ƙwayar kabon dayoksaid sai ta karɓi elektiron 8 kafin ta zama metan. Inda gizo ke saƙar shi ne, mai zare elektiron daban, mai iya sauke su a kan kabon dayoksaid daban. Dole a sami ɗan dako a tsakani. Wanda aka fi sani shi ne haidirojin: bakteriya ta ɗora elektiron 2 a kan kowace ƙwaya ta sake ta cikin ruwa, mai yin metan ya tattara ƙwaya 4 ya haɗa da kabon dayoksaid 1, metan 1 ya fito tare da ruwa. Fomet ma yana yin wannan dakon.

Yadda aka gano haka yana burge ni har gobe. Akwai wata halitta mai suna Methanobacillus omelianskii da masana suka shafe sama da shekara 20 suna reno a kwalba, suna ɗauka ita kaɗai ke cin itanol, wato barasa, ta fitar da metan. A 1967 Marvin Bryant da Ralph Wolfe da abokan aikinsu a Jami'ar Illinois ta Amurka suka tsefe ta, sai ga halittu biyu a manne da juna: ɗaya tana cin itanol ta fitar da asetet da haidirojin, ɗayar tana kwashe haidirojin ta yi metan. Da aka raba su, ta farkon ta kasa ci gaba da cin itanol yadda ta saba, domin haidirojin da take fitarwa shi ke taruwa ya tsayar da ita. Kamar masu haƙa rijiya ne: na ƙasa ba ya iya ci gaba da haƙa sai na sama yana janye ƙasar da guga.

Wanda ya fi wahala a cikin asid ɗin nan shi ne firofiyonet. A ma'aunin da masana suka saba amfani da shi, mayar da shi asetet da haidirojin ba ya ba da ƙarfi, ci ma yake yi, kimanin kilojul 76 na ƙarfi a kowane mol, wato awon da masana ke ƙidaya yawan sinadari da shi. Bakteriyar da ke wannan aiki, irin su Syntrophobacter, ba ta cin riba sai an rage haidirojin ya sauka ƙasa da kimanin kashi 1 cikin 10,000 na matsin iskar da muke zaune a ciki. Dubi ƙanƙantar tazarar da suke rayuwa a ciki. Shi ya sa suke zama a dunƙule da masu yin metan, jiki da jiki, don ɗan dakon kada ya yi tafiya mai nisa.

Ka ga abin da ya sami tankinka. Ragowar abinci tana ruɓewa da sauri fiye da kashin shanu, wanda saniya ta riga ta cinye mai sauƙin cikinsa. Masu yin asid suna ninkuwa cikin sa'o'i. Masu mayar da asetet metan, musamman Methanothrix, sai sun ɗauki kwanaki kafin su ninku, ga shi kuma ta hanyar asetet ne kimanin kashi 2 cikin 3 na metan ke fitowa a irin wannan tanki. Na gaba suka yi wa na baya yawa, asid ya taru, pH ya sauka ƙasa da inda masu yin metan ke jin daɗi, wato tsakanin 6.8 da 7.4 ko kusa da haka, suka ƙara yin sanyi, haidirojin ya hau, masu cin firofiyonet suka tsaya. Gas ɗin da kake gani yanzu yawancinsa kabon dayoksaid ne, shi ya sa ba ya riƙe wuta. Lafiyayyen bayogas yakan ƙunshi metan kashi 50 zuwa 70 cikin 100.

To sai abin da abokinka ya karanta. A 2010, a ɗakin binciken Derek Lovley da ke Jami'ar Massachusetts a Amherst, aka haɗa bakteriya iri biyu 'yan gidan Geobacter a kwalba ɗaya da itanol. Da tafiya ta yi tafiya suka dunƙule suka zama 'yan curi-curi da ido ke iya gani, curin kuma yana wuce da lantarki. Ko da aka kashe wa mai karɓar elektiron ɗin hanyar cin haidirojin, aikin bai tsaya ba. Elektiron suna bi ta furotin da ke jikinsu kai tsaye, ba ɗan dako. A 2011 aka auna dunƙulen laka daga tankin tace ruwan wata masana'antar giya, aka tarar shi ma yana wuce da lantarki, ga Geobacter da Methanothrix sun yi yawa a ciki.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta zo a 2014, daga aikin Amelia-Elena Rotaru da abokanta. Sun haɗa Geobacter metallireducens da Methanothrix harundinacea, wadda a lokacin ake kira Methanosaeta. Ita Methanothrix ba ta iya cin haidirojin, da asetet kawai aka san ta. Lissafin mai sauƙi ne: itanol 2 suna ba da asetet 2 da elektiron 8. In asetet kaɗai take ci, metan 2 za a samu. Amma kusan 3 aka samu, wato ta karɓi elektiron 8 ɗin ta sauke a kan kabon dayoksaid. Da aka haɗa wannan Geobacter ɗin da masu yin metan da suka dogara da haidirojin ko fomet, haɗin bai rayu ba. Sai kuma aka ga Methanosarcina barkeri ita ma tana iya karɓa kai tsaye.

Gawayi ya shigo ne ta nan. A 2012 aka nuna cewa gawayin tace ruwa, wanda aka sarrafa ya yi ƙofofi da yawa, yana hanzarta wannan musaya: halittun biyu su maƙale a jikinsa, ba sai sun taɓa juna ba, elektiron su bi ta cikinsa. A shekarar dai, masu bincike a Japan suka ga ƙwayoyin tama mai maganaɗisu, maganatayit, suna hanzarta fitar metan a ƙasar gonar shinkafa. Daga baya aka ga gawayin itace ma yana yi. Don haka maganar tana da tushe. Amma ka lura, waya ba ta da amfani in wanda ke ɗaya bakin ya suma. A pH 6, masu karɓar elektiron ɗin ne suka galabaita, su za ka fara ceta.

Tsohon Ofareta ya amsa:

Malama ta ƙosar da mu ta fannin ilimi, Allah ya ƙara basira. Ɗana, ni na yi shekaru ina kula da manyan tankunan laka a wurin tace ƙazamin ruwa, bari in faɗa maka abin da hannu ke yi.

Ka dakatar da ciyarwa yau. Wannan shi ne mafi wuya a wajen mai tanki, domin in gas ya ragu zuciya cewa take a ƙara abinci, alhali ƙarin shi ke ƙarasa shi. Ka bar su su cinye asid ɗin da ya taru. In kana iya samun ruwan da ke fita daga wani lafiyayyen tanki, ka debo da yawa ka zuba, domin yana zuwa da masu yin metan a raye da kuma abin da ke kashe tsami. In babu, sabon kashin shanu da aka dama da ruwa zai taimaka. Don ɗaga pH, bekin soda ya fi aminci: ka narka, ka zuba kaɗan-kaɗan, ka motsa, ka jira, ka auna. Farar ƙasa tana da ƙarfi, amma tana iya wuce gona da iri cikin sauri, kuma tana daskarewa a ƙasan tanki. Ka kula da ɗumi kuma. Irin waɗannan halittu sun fi aiki a wajen digiri 35 zuwa 37, kuma saurin canjin zafi ya fi damun su a kan ɗan sanyin da suka saba da shi.

Wani abu da nake so ka riƙe: pH makararren ɗan aike ne. Kafin ya faɗi, asid ya daɗe yana cinye garkuwar tankin, wato sinadaran cikinsa masu kashe tsami, a ɓoye. Mu abin da muke aunawa shi ne yawan asid a kan yawan wannan garkuwa, kuma da zarar ya haura wajen 0.3 zuwa 0.4 muke rage abinci, tun pH yana nan a 7. Kai da ba ka da kayan awon, hancinka da launin wutarka su ne ma'auninka. In wuta ta fara ɗagawa daga bakin murhu tana neman mutuwa, ka rage ciyarwa a ranar.

Game da gawayi, ban hana ka ba, amma ka san abin da zai iya biyo baya. Manyan gutsattsari suna iyo su haɗu da ɓawon da ke taruwa a sama, masu nauyi su nutse su cinye wuri, kuma na sha zare toshiya daga bututu da hannuna saboda abin da aka zuba da kyakkyawar niyya. In za ka sa, ka daka shi ya yi laushi, ka jiƙa shi tukuna, ka sa kaɗan, bayan tankin ya dawo hayyacinsa. In ka koma ba shi ragowar abinci, ka fara da ɗan kaɗan a cikin kashi mai yawa, ka riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni.

Kada ka leƙa cikin tanki da wuta a hannu, kada kuma ka shiga ciki ko an kwashe shi. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfayid, in ta yi yawa hanci yana daina jin ta, kuma tana kisa.

Ɗalibar Kimiyya ta amsa:

Malama, ina neman izini in ƙara wani abu, domin a kan wannan nake aikin kammala karatuna kuma ya hana ni barci. Rubuce-rubuce da yawa suna tafiya haka: an zuba gawayi, metan ya ƙaru ko ya fito da wuri, sai a ce ai musayar elektiron ce kai tsaye. Ni ban yarda wannan ya isa hujja ba. Gawayi yana da ayyuka da yawa a lokaci guda. Tokar da ke jikinsa tana rage tsami. Ƙofofinsa suna tsotse wasu abubuwan da ke cutar da halittun. Jikinsa wurin zama ne, masu jinkirin ninkuwa su maƙale kada ruwa ya tafi da su. Ko ɗaya daga cikin waɗannan zai iya ƙara gas ba tare da elektiron ɗaya ya bi ta cikinsa ba.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Minho ta Fotugal suka zuba wasu siraran bututun kabon a kwalaben da masu yin metan ne kaɗai a ciki, suna cin haidirojin, babu wata bakteriyar da za ta miƙa musu komai. Duk da haka metan ya fito da sauri. Ko siraran zaren da ke jikin Geobacter, waɗanda tun 2005 ake cewa su ne wayoyin, a 2019 aka duba da na'ura mai ƙarfi aka ga wasunsu jerin furotin ne masu ɗauke da ƙarfe a ciki, ba irin gashin da aka zata ba, kuma masana suna ta muhawara a kai. Musayar kai tsaye tabbas tana faruwa a kwalbar da aka san halittu biyun da ke ciki. A tankin Yaya mai ɗaruruwan iri, sanin kason da take ɗauka wani aiki ne daban.

Mai Tanki ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malama, Baba, da ke ƙanwata. Na dakatar da ciyarwa kamar yadda Baba ya ce. Amma maganar ƙanwata ta sa ni tunani. In ina so in gani da idona ko gawayi yana ƙara wani abu, ba tare da na taɓa babban tankin ba, akwai gwajin da mutum zai iya yi da kayan da ke hannunsa?

Malamar Lab ta sake amsawa:

Akwai, ƙanena. Kafin nan, 'yata, maganarki daidai ce, ki riƙe ta da kyau a aikinki. Abu ɗaya zan ƙara miki: gawayi ba ya ƙirƙirar elektiron. Adadin da ke cikin abincin shi ne iyaka. A lissafi, abincin da zai ci giram 1 na oksijin in an ƙona shi ba zai ba da fiye da lita 0.35 na metan ba a ma'aunin sifilin digiri da matsin iska na yau da kullum. Abin da mai wuce da lantarki zai iya yi shi ne ya sa a isa can da wuri, ko ya hana tsayawa a hanya. Duk wanda ya ce miki ya wuce wannan iyaka, ki tambaye shi yadda ya auna. Ki kuma tuna cewa wani lokaci abin da tanki ya rasa ba waya ba ce. Sinadarin da ke yin matakin ƙarshe na haɗa metan yana da nikel a tsakiyarsa, wasu kuma suna buƙatar kobalt da seleniyam. A Ingila, masu bincike a Jami'ar Southampton sun nuna a 2012 cewa tankunan da ake ciyarwa da ragowar abinci zalla, masu yawan amoniya, suna tara firofiyonet, kuma ƙara musu ɗan seleniyam da kobalt yana daidaita su. Kashin shanu yana zuwa da irin waɗannan ƙarafa, wani dalili ke nan na ci gaba da haɗawa da shi.

Gwajin kuwa, ka sami robobin ruwa masu girma ɗaya da murfin da ba ya shan iska. Ka debo ruwan lafiyayyen tanki, ka motsa shi sosai, ka raba daidai, ka ba kowace roba abinci iri ɗaya, awo ɗaya. Kashi na farko ka bar su haka. Na biyu ka sa dakakken gawayi da ka wanke har ruwan ya daina ɗaga takardar pH, don ka cire tasirin toka. Na uku ka sa abin da ke ba da wurin maƙalewa amma ba ya wuce da lantarki, kamar wankakken yashi ko dakakkiyar kwalba mai girman ƙwayar gawayin. Wannan na ukun shi mutane ke tsallakewa, kuma in babu shi ba za ka bambance wurin zama da waya ba. Kowane kashi ya zama aƙalla roba 3, domin roba ɗaya tana iya yoyo ta ruɗe ka. Ka ajiye su wuri ɗaya mai ɗumi, ka riƙa girgiza su lokaci ɗaya.

Kada ka auna gas gaba ɗaya, metan za ka auna, tunda ka ga da kanka tanki mai tsami ma yana cika ganga. Ka ja siririn tiyo daga murfin kowace roba ya bi ta cikin ruwan soda mai ƙuna, wadda ake haɗa sabulu da ita. Ita za ta shanye kabon dayoksaid, abin da ya wuce ya taru a kifaffiyar kwalbar da ka cika da ruwa ka yi wa alamar awo, kusan duka metan ne. Ka sa safar hannu da tabarau wajen haɗa sodar, kuma ita ake zubawa a cikin ruwa, a hankali. Ka riƙa rubuta awon kullum a lokaci ɗaya har gas ya tsaya, ka lura da abu biyu: ranar da kowane kashi ya fara fitar da metan sosai, da jimlar da ya bayar a ƙarshe. In gawayi ya riga yashi tashi amma jimlarsu ta zo ɗaya, ka kawo mana alƙaluman nan mu duba tare, 'yata ma za ta so ta gan su.